LAFIYAR IYALI: Ganyen Dajinmu da Ciwon Sukari

 

Wata 'yar'uwa cikin zumuntar mata ta aiko mana da wasiƙa daga wani ƙauye a kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa. Ta ce yau shekara uku ke nan da aka gaya wa maigidanta yana da ciwon sukari. Kuɗin magani ya gagare su, ɗansu kuwa ya karanta a wayarsa cewa masana sun gano wani abu cikin zogale da shuwaka wanda yake tsare wurin da jiki yake yin insulin. Sai ta tambaya, tun da yake Allah ya ba mu ganye kyauta a bayan ɗaki, me zai hana maigida ya bar ƙwayar asibiti ya koma ga ganye?

Mama, ga amsarmu tun kafin mu yi nisa: kada ya bari. Amma ɗanki bai yi ƙarya ba, rabin labari ne ya karanta. Bari mu ba da labarin duka, gama mun san ba gidanku kaɗai ake wannan shawara ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 537 ne suke da ciwon a duniya, wajen miliyan 3.6 kuwa a Nijeriya suke, da yawansu ba su ma sani ba.

Ran nan a aji muka yanka gauta guda gida biyu. Muka shafa wa ɓari ɗaya ruwan lemon tsami, ɗayan muka bar shi haka nan, sa'an nan muka fita tara. Da muka dawo sai ga wanda ba a shafa wa kome ba ya yi duhu, ɗan'uwansa kuwa yana nan fari. Muka tambayi yara abin da ya ci gautan. Wani ya ce ƙuda, wata ta ce rana. Ashe iskar da muke shaƙa ce, watau oksijin. Ita ce kuma take cin fartanyar da aka manta a gona har ta yi tsatsa. Cikin jikinmu ma haka abin yake. Sa'ad da jiki yake ƙone abinci da oksijin domin ya sami ƙarfi, akan sami wasu 'yan ragowa masu zafin hali, suna cin duk abin da suka taɓa. Abubuwan da suke kashe musu zafi masana suna kiransu antiyoksidan, mu dai za mu ce da su masu hana tsatsa. Jiki yana yin nasa, wasu kuma daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C na cikin lemon tsamin nan, da abubuwan da suke ba ganye da 'ya'yan itace launinsu da ɗacinsu da baurinsu.

To, ina ruwan wannan da ciwon sukari? A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka mai laushi, tsawonta wajen inci shida, likitoci suna kiranta fankiriyas. A shekarar 1869 wani ɗalibin likitanci a Balin ta Jamus, Paul Langerhans, ya duba ta da madubin ƙara girman abu, ya ga wasu 'yan tsibirai a warwatse a cikinta. Sun kai wajen miliyan guda, amma in an tara su duka ba za su cika ƙaramin cokali ba. Cikin tsibiran nan ne ƙwayoyin halitta da ake kira bita suke zaune, su ne masu yin insulin. Aikin insulin kuwa shi ne ya buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka. In babu shi, ko kuwa in jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini, mutum ya yi ta fitsari, ya yi ta jin ƙishi, ya yi ta ramewa ko da yana ci.

Abin mamakin shi ne, waɗannan ƙwayoyi da ranmu yake rataye a kansu ba su da garkuwa mai ƙarfi. Wani masani a Hanoba ta Jamus, Sigurd Lenzen, tare da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 1996, cikin jikin ɓeraye, cewa masu hana tsatsa da tsibiran nan suke yi wa kansu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na hanta. Sukari kuwa in ya yi yawa cikin jini yakan ƙara tsatsar, ƙwayoyin su gaji, insulin ya ragu, sukari ya ƙara hawa. Haka abin yake ta juyawa shekara da shekaru, mutum yana noma yana zuwa sujada, bai san kome ba. Wani babban bincike da aka fara a Ingila a 1977, da masu ciwon fiye da 5,000, ya nuna cewa ran da ake gaya wa mutum yana da ciwon sukari, sau da yawa wajen rabin ƙarfin ƙwayoyin ya riga ya tafi.

Ganin haka ya sa masana suka ce, bari mu kai wa ƙwayoyin nan gudummawa daga ganye. A jami'o'inmu, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an yi gwaje-gwaje masu yawa. Akan yi wa ɓeraye allurar wata guba da ake kira aloksan, wadda take kashe ƙwayoyin bita, sa'an nan a ba wasunsu ruwan da aka tatso daga zogale, ko shuwaka, ko wani saiwa ko ɓawon itace. Sau da yawa sukarin ɓerayen da aka ba ganye yakan sauka, in an duba tsibiransu kuma a ga ɓarnar ta yi sauƙi. Wannan ne abin da ɗanki ya karanta, Mama, gaskiya ne kuwa. Amma ku lura da abu guda. Ita gubar aloksan da tsatsa take kisa, cikin 'yan kwanaki. Ba abin mamaki ba ne mai hana tsatsa ya tare ta. Ciwon maigidanki kuwa ba allura aka yi masa dare ɗaya ba, shekaru ya yi yana ginuwa, da gado a ciki, da kitse, da tsufa. Ɓera kuma ba mutum ba ne.

Da aka zo gwaji a jikin mutane sai labari ya sha bamban. A shekarar 2000 aka bayyana sakamakon wani bincike da likitocin Kanada suka shugabanta. An ɗauki mutum fiye da 9,000, fiye da sulusinsu masu ciwon sukari, aka ba rabinsu ƙwayar bitamin E har shekara huɗu da rabi. Ba ta rage musu ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba. A Amurka an bi mata fiye da 6,000 har wajen shekara tara, ana ba wasu bitamin C, wasu E, wasu kuma abin da yake sa karas ja, sakamakon da ya fito a 2009 bai nuna cewa ƙwayoyin sun hana ciwon sukari kama su ba. A ƙasar Finlan ma abin ya fi haka muni. An ba maza masu shan taba, cikin mutum 29,000, wannan abu na karas a ƙwaya, sai a 1994 aka ga ciwon daji na huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba mai tsada yana cewa antiyoksidan ce daga ƙasar waje, ku riƙe kuɗinku ku sayi wake.

Ganye cikin miya kuwa labarinsa dabam ne. Masana a Jami'ar Lesta ta Ingila sun haɗa bincike da dama a 2010, suka ga waɗanda suka fi cin koren ganye sun fi waɗanda ba su cika ci ba tsira daga ciwon sukari da wajen kashi 14 cikin 100. Ba wanda zai iya rantsewa cewa masu hana tsatsa ne kaɗai suka yi wannan aiki, gama ganye yana da harza da ke sa sukari ya shiga jini a hankali, wanda ya cika ciki da kwaɗon zogale kuma tuwon da zai ci ya ragu. Ko ma mene ne dalili, ganye yana taimako, amma taimakon rigakafi da rage nauyin ciwo, ba warkarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara kowane babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana.

A nan ne zuciyarmu takan yi nauyi, gama mu mutanen ƙasar Birnin Gwari ba mu da hujjar rasa wannan abinci. Dajin Kamuku yana ƙofarmu. Tun 1936 aka keɓe shi gandun daji na En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ban da doka da maje da kirya da suka cika shi, a gefensa da cikin gonakinmu akwai ɗorawa, kaɗanya, taura, ɗinya, kanya da tsamiya, ga kuka a kowane kufai. Da muna yara, iyayenmu mata Gbagyi da Kamuku da Hausawa ba su san sayen kayan miya ba sai gishiri da manja. Da saukar ruwan fari tafasa ta fito, sai lalo, sai rama da yakuwa, da kaka a shanya kuka da karkashi a cika tukwane. Yaro kuwa ba ya dawowa daga kiwo sai bakinsa ya yi baƙi da ɗinya ko rawaya da garin ɗorawa. Garin 'ya'yan kuka, wanda muke tsotsa don wasa, bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemon zaƙi sau da dama.

Sa'an nan shekarun 'yan bindiga suka zo. Ba sai mun ba ku labari ba, da yawanku kun binne naku. Dajin da yake ciyad da mu ya zama wurin tsoro, mace ba ta iya yin nisa neman kalwa ko ƙwarar kaɗanya, ƙauyuka suka watse, manoma suka dawo gari suna zaune a inuwa ba aikin yi. Abinci ya koma farar shinkafa da taliya da burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, dunƙulen kanti ya kori daddawa. Masu gawayi kuma suka bi itatuwan da suka rage kusa da gari. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi, ya buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Mun yi godiya ga Allah, muna kuma roƙonsa zaman lafiya mai ɗorewa. Amma ɗorawar da aka sare ba ta tashi da sulhu, sai an dasa wata an jira ta shekaru.

Cikin shekarun nan ne abin ya faru da wani dattijon Ekklesiyarmu, shi ya kuma yarda mu faɗa. Dā yana zuwa Kaduna duk bayan wata uku ana auna shi, yana karɓo ƙwayoyinsa. Da hanya ta lalace sai ya daina zuwa, wa zai ga laifinsa? Wani mai magani da lasifika a kasuwa ya sayar masa da jarka guda, yana jan ayar nan ta littafin Ezekiyel da ta yi zancen ganyen itatuwa da warkarwa. Ya haɗa da ruwan shuwaka safe da yamma. Muka same shi bayan sujada muka ce, "Baba, ina labarin magani?" Ya ce, "Malam, ai na warke. Abin da ɗaci ya shiga, zaƙi ba ya zama." Muka yi dariya tare, muka bar maganar, gama muna jin nauyinsa. Wannan shiru namu har yau yana damunmu. Bayan wata bakwai ƙaya ta soke shi a gona, bai ji ba, domin ciwon ya riga ya kashe jijiyoyin ƙafarsa. Kafin a kai shi asibiti gyambon ya ci, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Sukarinsa a ranar ya ninka abin da ya kamata fiye da sau uku. Ɗacin da harshe yake ji bai san hanyar zuwa jini ya kashe zaƙi ba, magana ce kawai mai daɗin faɗa.

Wani zai ce, ashe Malam ya raina maganin gargajiya. Ko kaɗan. Ƙwayar nan metformin da yawancin masu ciwon suke sha, asalinta daga wani tsiro ne na Turai da mutanen dā suke jiƙawa. Amma tsiron yana da guba, har tumaki yakan kashe. Sai da masana suka gano abin da yake aiki a cikinsa, suka ƙera danginsa marar wannan guba, wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a jikin mutane a 1957, aka san awonsa. Bambancin ke nan da jarkar kasuwa, wadda ba wanda ya san abin da ke ciki ko abin da za ta yi wa ƙoda. Ku tuna da Daniyel da abokansa a Babila. Ganye da ruwa suka zaɓa, amma Daniyel da bakinsa ya roƙa a gwada su kwana goma a duba. Bai ji tsoron gwaji ba. Wanda ya ce ya warke, ko ta ganye ko ta addu'a, bari ya je a auna jininsa. Mun gaskata Allah yana warkarwa, mun kuma san Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Akwai kuma waɗanda barin magani a gare su mutuwa ce ta kusa. Ciwon sukari iri biyu ne. Iri na biyu, wanda tara cikin goma suke da shi, yakan kama manya, ƙwayoyin bita suna nan amma sun gaji. Iri na ɗaya ya fi kama yara da matasa, a nan sojojin jiki ne da kansu suke kuskure su kashe ƙwayoyin. Ba ganyen da yake ta da su. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fid da insulin a Toronto ta Kanada a 1921, irin yaran nan ba su daɗewa. A Janairu 1922 aka fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurar, ya tashi. Duk iyayen da aka rubuta wa ɗansu insulin, kada su tsallake ko rana ɗaya, ko wa ya faɗa musu.

To, me yake tsare ƙwayoyin da suka rage? Babban abu shi ne a sauke musu kaya. A Amurka an gwada mutum 3,234 da suke bakin kamuwa da ciwon. Waɗanda suka rage ƙiba kaɗan, suka kuma riƙa tafiya da ƙafa rabin sa'a kwana biyar a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, aka bayyana wannan a 2002. A Birtaniya kuma a 2017 aka nuna cewa masu ƙiba da ciwon bai daɗe a jikinsu ba, da aka sa su rage nauyi sosai a hannun ma'aikatan lafiya, kusan rabinsu sukarinsu ya daidaita bayan shekara guda ba tare da magani ba. Watau ƙwayar da ta gaji takan farfaɗo in ta sami hutu da wuri. Amma da yawa cikin masu ciwon a wajenmu ramammu ne tun asali, kada wani ya karanta wannan ya shiga horon kansa da yunwa.

Yanzu bari mu shiga madafa, mata ku matso. Tuwon mai ciwon sukari kada ya wuce dunƙulen hannunsa, miya kuwa ta yi yawa, ganye ya fi ruwa. Tuwon dawa ya fi farar shinkafa, jar dawa ta fi fara yawan masu hana tsatsa, amma suna cikin dusa ne, in kun surfe ta fes kun ba akuya rabon maigida. Acca tana da kyau, sai dai ita ma hatsi ce, a auna ta. Wake ya shiga abinci kullum in da hali. Kanwa tana kashe bitamin C, haka ma dafa ganye har ya yi laushi tiɓis a zubar da ruwan. Kuka da zogale a shanya su a inuwa, wanda ya bushe yana kore shar ya fi wanda rana ta ƙone. 'Ya'yan itace a ci su ɗungum, kaɗan kaɗan, kada a matse ruwan a sha kofi guda. Zuma sukari ce, kome aka faɗa muku a kanta.

Zoɓo kuwa, wani gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010 ya nuna kofi uku a rana yana ɗan sauke hawan jini. Amma nasu ba sukari a ciki. Namu na bikin aure, in an sa cokali a tsakiya sai ya kusa tsayawa. Mu shugabannin Ekklesiya ma sai mu dubi kanmu. Ba taron da muke yi, ko Kirsimati ko baiko ko bikin godiya na kaka, sai an jibge akwatunan lemon kwalba, a fara miƙa wa fasto da dattawa, su da suka fi kowa kusa da ciwon. Kwalba guda mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara. Zoɓo da citta da kanumfari, ko ruwan tsamiya ba sukari, ba zai rage wa baƙo daraja ba.

Gargaɗi guda kuma. Wanda yake shan ƙwaya ko yake allura, in ya ƙara da ruwan ganye mai ƙarfi, ko ya yi azumi ba shawara, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. Alamarsa gumi, rawar jiki, yunwa, da magana ba kan gado. In kun ga haka, muddin yana iya haɗiya, ku ba shi sukari cokali uku cikin ruwa nan da nan, sa'an nan abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti.

Mama, mun san kuɗin magani ya hau ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ba mu raina kukanki ba. Ga shawararmu. Ku tafi asibiti tare da safe, kada ya ci kome, a auna jininsa. Ki gaya wa likita gaskiya cewa kuɗi ya gaza, ki roƙa ya rubuta metformin marar sunan kamfani mai tsada, in ita ce ta dace da shi, gama tana cikin magunguna mafi araha. Ki faɗa masa duk ganyen da maigida yake sha. Kowane dare ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu da tocila, kada kuma ya shiga gona ba takalmi. Ki kai kukanki gaban dattawan Ekklesiya ba kunya, domin irin wannan ne ake tara baiko na taimako. Zogalen bayan ɗaki kuwa ki ci gaba da yi masa kwaɗo da ƙuli, a ci tare da yara.

Dattijon da muka ba ku labarinsa yanzu allurar insulin yake yi safe da yamma. Da yake ba wutar lantarki, yana ajiye kwalbar cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka sa cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a lungun ɗaki mai sanyi. Miyar shuwaka har yanzu ita ce abin sonsa. A taronsu na watan jiya 'yan zumuntar mata sun haɗa kuɗi sun sayi na'urar auna sukari, shi ne kuma yake zama a bakin ƙofar majami'a ran Lahadin farko na kowane wata, da sandarsa a gefe, yana rubuta sunayen waɗanda suka zo awo ba su karya kumallo ba.